Rataya Labule a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da biki ya matso, ko wani ya tashi tarewa a sabon gida, tambayoyin labule iri ɗaya ne suke dawowa. Na tattara waɗanda aka fi yi mini, daga maza da mata, na amsa wa kowa yadda ya tambaya. Yawancin awon da santimita na yi shi, amma na kawo inci da yadi inda ya dace, tun da su telolin Najeriya suka saba da su, 'yan'uwanmu na Nijar kuma mita suke aiki da ita. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗan ɗoriya, inci ɗaya kuma santimita biyu da rabi.

Me zan fara yi: sayen yadi, kai wa tela, ko kafa sanda?

Sanda, Hajiya. Ki kafa sanda tukuna, ki auna daga ita zuwa ƙasa, sannan ki tafi kasuwa. Yawancin labulen da kika gani ya ɗage kamar wandon yaro mai girma, ba laifin yadin ba ne kuma ba lallai laifin tela ba ne. An ɗinka shi ne kafin a san inda zai rataya.

Na taɓa halartar jeren wata 'yar'uwata. An ɗinka labulaye masu tsada tun wata guda kafin biki, da awon da aka ba tela ta waya: wai taga ƙafa huɗu ce. Ranar jere mai kafa sanda ya zo, ya duba bango ya kafa inda ya ga ya dace, aka rataya, sai ga labule ya tsaya a iska, tsakaninsa da tayil kusan taƙi guda. Dangin ango suna hanya, la'asar ta yi. Ƙarshe dai sauke sandar aka yi aka sake huda bango a ƙasa, aka bar ramuka shida a sabon fenti. Har yau idan na shiga ɗakin nan idona wajen yake zuwa.

A wane tsayi ake kafa sandar?

Mafi ƙaranci santimita 10 zuwa 15 sama da bakin taga, wato inci 4 zuwa 6. Amma wannan mafi ƙaranci ne kawai. Idan akwai fili tsakanin taga da silin, a ɗaga sandar ta wuce rabin filin, ko ma a kai ta kusa da silin a bar kamar santimita 8 zuwa 10. Ido yana bin tsawon labule ne ya yanke wa ɗaki hukunci: labule mai tasowa daga can sama yana sa ɗaki ya yi tsayi, wanda aka manna a goshin taga kuma yana danne shi.

Akwai wani dalili na biyu wanda ya shafi yadda ake gini a ƙasarmu. A yawancin gidajen bulo, saman taga da saman ƙofa suna tsayawa ne a mita 2.1 daga daɓe, kuma a kansu akwai linta, kankare mai rodi a ciki, mai kaurin inci 9 ko kusa da haka. Wanda ya auna santimita 10 sama da taga, kai tsaye cikin linta zai huda. Linta tana riƙe sukuru da kyau, babu abin da ya fi ta ƙarfi a bangon, amma huda ta sai injin mai bugu da baki mai kyau, kuma in aka ci karo da rodi injin zai yi ta kuka ba ya shiga. Idan haka ta faru kada a matsa masa, a gusa santimita biyu ko uku sama ko ƙasa. Wanda ya ɗaga sandarsa santimita 30 sama da taga ya tsallake lintar, ya shiga bulo, wanda shi kuma da tasa matsalar, za mu zo kanta.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai: in ɗaki yana da tagogi biyu ko uku, ko da girmansu ya bambanta, sandunan su zauna a tsayi ɗaya.

Sandar za ta yi daidai faɗin taga ne?

A'a, ta wuce ta. A ƙara santimita 15 zuwa 30 a kowane gefe. Amfanin wannan shi ne idan aka yaye labule da safe zai taru a kan bango, ya bar gilashin duka a buɗe, haske da iska su shigo. In sandar ta tsaya daidai bakin taga, labulen da aka yaye zai cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na tagar, kuma da dare haske zai riƙa fita ta gefe, mai wucewa ya hango ciki. Labule mai kauri ya fi bukatar wurin taruwa, don haka shi a ba shi 25 ko 30.

Taga mai buɗewa ciki ita ta fi bukatar wannan ƙarin, domin in labule bai kauce mata ba kullum sai ta cije shi.

Yadi nawa zan saya? Mai kanti ya ce mini uku sun isa.

Ya danganta da tsawon sandarki da kuma irin yadin. Ka'idar ita ce faɗin labule ya ninka tsawon sanda sau biyu. Sau ɗaya da rabi shi ne iyakar rowa, ƙasa da haka idan aka ja shi zai miƙe ɗoɗar kamar an shanya zanin gado. Shara-shara kuwa, saboda rashin kaurinsa, sai an ninka sau biyu da rabi zuwa uku yake yin kyau.

Mu yi lissafi da tagar da ta fi yawa a gidajenmu, mai santimita 120, wadda ake kira ƙafa huɗu. An ƙara 20 a kowane gefe, sanda ta zama 160. Ninki biyu ya ba da 320, wato falle biyu, kowanne 160. A ƙara kamar 20 na kalmasar gefuna, ya zama 340.

Daga nan sai ki tambayi mai kanti tsayin yadin, domin iri biyu ne a kasuwa. Akwai dogon yadi na labule mai santimita 280 zuwa 300, wanda shi faɗin bandir ɗin ne yake zama tsayin labule. Irin wannan abin da za ki saya shi ne faɗin da kika lissafa kawai: santimita 340, wato yadi huɗu ya isa har da ragowa. Sai kuma yadi na yau da kullum mai faɗin 140 zuwa 150, wanda dole a yanka shi tsaye. In tsawon labulen 250 ne, kowane falle zai ci 280 har da kalmasar sama da ƙasa. Falle biyu yadi shida da ɗan ɗoriya ke nan, kuma cikarsa ba za ta kai ninki biyu sosai ba. In ana son ya cika taf sai falle uku, a raba ɗayan biyu a haɗa, yadi tara da ɗoriya. Kin ga ke nan "yadi uku" ba amsa ba ce sai an san wane yadi.

Wata 'yar matsala da ake mantawa: idan silin ɗinki ya kai mita uku kuma kin kai sanda kusa da shi, yadi mai 280 ba zai kai ƙasa ba bayan an yi kalmasa. Ki shiga Kantin Kwari ko kasuwar garinku da awonki a rubuce a takarda, da tef ɗinki a jaka, ki auna bandir ɗin da hannunki. In yadin mai manyan zane ne, ki ƙara a kan lissafin, domin sai an daidaita zanen falle da falle, kuma daidaitawar tana cin yadi.

Labule ya taɓa ƙasa ko ya ɗan ɗage?

Ya sauko har ya kusa sumbatar daɓe, a bar santimita ɗaya. Shi ke nan.

Na san hotunan da ake gani a Instagram, inda labule yake zubowa ya kwanta a ƙasa kamar jelar rigar amarya. Yana da kyau a hoto. Amma mu da muke shara safe da yamma, muke goge tayil da ruwa, ga ƙurar hunturu daga Nuwamba har Fabrairu, cikin mako biyu bakin labulen zai koma kalar ƙasa. Ga kyankyaso da ke son irin wannan maɓoya. In ɗakin baƙi ne da ba a shiga sai da sallah, to, a yi. Ɗakin da ake rayuwa a cikinsa kuwa, santimita ɗaya.

In za a shimfiɗa kafet, a shimfiɗa shi kafin a yi awo.

Daga ina ake fara awon tsawo?

Ya danganta da kan labulen. Mai huji da zoben ƙarfe, wanda masu ɗinki ke kira ailet, sandar tana ratsa shi ne, kuma yadin yana ɗagowa sama da ita kamar santimita 3 zuwa 4. Don haka a auna daga saman sanda zuwa ƙasa, a ƙara wannan, a cire santimita ɗayan nan. Wanda ake rataya shi da ƙugiya a jikin zobba, awonsa daga ƙasan zoben yake farawa. Na reli kuma, wato siririyar hanyar da labule ke gudu a jikinta maimakon sanda, daga 'yar ƙafar da ƙugiya ke shiga. Ka gaya wa tela a fili cewa awon da ka ba shi na gamammen labule ne, kalmasa daban, don kada ya cire ta daga ciki. Kalmasar ƙasa mai kyau santimita 10 ce a ninka sau biyu. Nauyinta ne yake sa labule ya tsaya, kuma ita ce ajiyarka ranar da ya ɗage.

Na auna da kyau amma gefe ɗaya yana jan ƙasa, ɗayan ya ɗage. Me ya faru?

Ko sandar ta karkace, ko daɓen ne ba daidai ba, kuma a gidajenmu na biyun ba abin mamaki ba ne. Shi ya sa ake auna tsawo a wuri uku: hagu, tsakiya, dama. In sun bambanta da kaɗan, a ɗauki mafi gajarta. In bambancin ya kai santimita biyu ko uku, a rataya labulen ba kalmasa, a kama bakin da allurai yana rataye, sannan a kai wa tela.

Wajen daidaita sandar, kada a dogara da ido, kada kuma a dogara da bakin taga, shi ma yakan karkace. A yi amfani da lebul na magina mai ɗigon iska a tsakiya. In babu, siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa yana yi: ruwan bakinsa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa, da shi magina suke fitar da layi a ɗaki guda. Sai dai in sandar tana dab da silin kuma silin ɗin ya ɗan karkace, gara a bi silin, domin da shi ido zai gwada.

Sandata ta faɗo sau biyu, fisha, robar nan da ake cusawa a rami ta riƙe sukuru, yana fitowa da garin siminti. Ya zan yi?

Malam, wannan ita ce babbar tambayar, don a nan yawancin aikin yake lalacewa. Bulonmu mai rami ne, ko mai inci 6 ko mai inci 9, kuma da yawa an cika masa yashi an rage siminti. A kansa akwai filasta mai kaurin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Gajeren sukuru iyakarsa filasta, ita kuma ba ta ɗaukar kaya. Labule mai shafi na babbar taga yana da nauyi, ga ja da ake yi masa safe da dare, ga yaro ya zo ya yi lilo.

Abin da nake yi: fisha mai milimita 8, bakin inji shi ma milimita 8, sukuru mai tsawon santimita 5 zuwa 6. In bulon mai taushi ne, a kashe bugun injin a huda a hankali, domin bugu yana farfasa cikin ramin ya yi faɗi. A busa ƙurar ta fita. Fisha ya shiga da ɗan bugun guduma. In ya shige da yatsa kawai, ramin ya yi masa yawa. Kowane mariƙi a sa masa sukuru biyu, ba ɗaya ba, kuma na saman shi ne mai ɗaukar nauyi.

In ramin ya riga ya lalace, hanyoyi uku ne. A gusa santimita biyar a sake sabo. Ko a cika tsohon da siminti mai ƙarfi a bar shi kwana biyu zuwa uku kafin a sake hudawa. Ko kuma, in bangon duka ruɓaɓɓe ne, a samu katako mai faɗin inci uku, a ɗaure shi a bango da sukuru huɗu ko biyar a wurare daban-daban, a shafa masa fentin ɗakin, a ɗaura mariƙan a jikinsa. Wannan dabarar katakon ita ce kuma maganin ginin ƙasa, inda fisha ba shi da abin kamawa. Can sai a yi amfani da dogayen ƙusoshi a karkace, ko a ɗaure katakon a jikin firam ɗin tagar.

Dabarar cusa tsinken ashana ko guntun itace a rami, na san kowa ya taɓa yi. Tana riƙe labulen shara-shara. Mai nauyi kuwa, kwana take ƙirgawa.

Akwai haɗarin huda wayar lantarki?

Akwai, sosai. Wayar da aka binne a bango yawanci tana tashi ne a miƙe daga makunni ko soket zuwa sama. Kada a huda daidai saman ɗayansu, haka nan kusa da inda na'urar sanyaya ɗaki take. A sauke layin ɗakin daga babban makunni, a jawo wutar injin daga wani ɗaki. Kuma kada a ce ai an ɗauke wuta. Ba ta sallama in za ta dawo.

Gidan haya nake, mai gida ya hana huda bango.

Ki fara yi masa magana. Yawancin masu gida abin da suke gudu ramuka barkatai ne. In kika ce za ki bar sandar idan kin tashi, da wuya ya ƙi. In ya kafe, akwai sanda mai sifirin a ciki wadda ake matsewa tsakanin bango biyu na cikin taga, ba huji. Tana ɗaukar labule marar nauyi. Akwai kuma waya mai roba da ake ɗaure wa a jikin ƙarafan taga. Maƙalai masu gam ba na ba da shawararsu: zafin Afrilu yana narkar da gam ɗin, kuma ranar da suka faɗo da fenti suke tahowa.

Tsakiyar sandar ta lotsa.

Ko ta yi siriri, ko babu mariƙi a tsakiya. Sanda mai kaurin milimita 16 zuwa 19 ta ƙaramar taga ce da labule marar nauyi. Labulen falo mai shafi sai mai 25 ko 28. Duk sandar da ta kai mita biyu a sa mata mariƙi na uku a tsakiya, siririya ma tun kafin nan, kuma in sanduna biyu aka haɗa, mahaɗar ta zauna a kan mariƙi. A kasuwa ka ɗaga ta ka ji nauyinta, ka leƙa bakin ka ga kaurin ƙarfen. Wasu sai ƙyalli, gwangwani ne. Araha ba ta ado.

Ailet, zobe ko reli, wanne ya fi?

Ailet ya fi sauƙi: a zura a sanda, shi ke nan, kuma yana yin lanƙwasa masu kyau da kansa. Sharaɗinsa hujin kowane falle ya zama adadi mai rabuwa biyu, takwas ko goma ko sha biyu, don gefunan biyu su juya su fuskanci bango. In tela ya yi tara, gefe ɗaya zai leƙo ɗaki yana nuna bayan yadi. Sannan zoben farko a bar shi a bayan mariƙi, tsakaninsa da kan sanda, don in an ja labulen kada duka ya biyo hannu. Aibinsa shi ne ba ya tsallake mariƙin tsakiya, kuma zobba masu araha suna tsatsa su ɓata yadi a wanki.

Mai tattara da ƙugiya ya fi kama da aikin manya, kuma ƙugiyar tana ba da damar ɗaga shi ko sauke shi kaɗan, abin da ailet ba ya yi. A sa zobe kowane santimita 10 zuwa 12.

Reli shi ne na doguwar taga, da taga mai kusurwa, da ɗakin da aka bar wa labule aljihu a silin POP. Ga masu gini: a yi wannan maganar tun kafin mai POP ya fara. Aljihun ya kai faɗin santimita 15 in labule ɗaya ne, 20 ko fiye in biyu ne, kuma a sa katako ko ƙarfe a ciki inda za a ɗaure relin. POP kansa ba ya riƙe sukuru, allo ne na farar ƙasa.

Dole ne sai na sa biyu, mai kauri da shara-shara?

Ba dole ba ne, amma a tagar da ke kallon titi ko tsakar gidan haya yana da amfani. Da rana shara-shara yana shigo da haske ya hana na waje gani, saboda waje ya fi ciki haske. Da magariba, da zarar an kunna fitila, abin ya juye: na waje yana ganin komai, na ciki ba ya ganin kowa. Mata da yawa ba su san wannan ba. Ki kunna fitila yau da dare, ki fita waje ki dubi tagarki. Shara-shara yana zama a sandar da ke kusa da gilashi, mai kauri a ta gaba, kuma shara-sharan ya fi ɗayan gajarta da santimita ɗaya don kada ya leƙo.

Labule yana rage zafi da gaske?

Yana ragewa, in an rufe shi kafin rana ta bugi gilashin. Tagar gabas da safe, ta yamma daga azahar, ita ce ma mai azaba a watannin Maris zuwa Mayu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne fuskar da ke kallon waje ta zama fara, domin fari yana mayar da hasken rana, baƙi yana shanye shi ya saki zafin a ɗaki. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce labule mai matsakaicin launi da aka yi wa farin shafi na roba a baya yana iya rage zafin da ke shigowa ta taga da kashi 33 cikin ɗari. Shafin kuma yana kare yadin daga ƙoɗewa. Ranar Sakkwato ko Zinder ba ta raga wa jan yadi ko shuɗi. A hunturu labulen nan dai shi ne zai tare sanyin asuba, musamman a taga mai gilashin luba wadda ba ta rufuwa ruf.

Labulen ƙofa fa? Ka'idarsa ɗaya da na taga?

Kusan ɗaya, amma aikinsa ya fi. A gidan Bahaushe ƙofar ɗaki a buɗe take wuni guda don iska, labule ne sirrin ɗakin. A bakinsa ake tsayawa a yi sallama. Kafin yadi ya wadata, asabari ne yake wannan aikin, har yanzu kuma ana ganinsa a karkara. Ba banza ba ake cewa manya sun sa labule in suka keɓe za su yi magana.

A rataya shi a fuskar da ƙyauren ba ya buɗewa ta nan. Ya wuce bakin ƙofa da santimita 10 zuwa 15 kowane gefe, ya ɗage daga ƙasa santimita biyu zuwa uku tun da ƙafa ce ke wucewa, ga ruwan alwala da na damina. Yadin ya zama mai nauyi wanda iska ba za ta ɗage shi ta tona asirin ɗaki ba. In marar nauyi ne, tela ya sa 'yar sarƙa ko ƙananan ƙarafa cikin kalmasar ƙasa. Kuma a ƙarfafa mariƙansa fiye da na taga, don babu labulen da ake ja kamarsa.

Na ga yadi mai hoton dawisu ya burge ni, amma maigida ya ce a'a.

Yana da madogara. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta rataya wani labule mai hotuna, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna rashin jin daɗinsa, sai aka yanka shi aka yi matasai da shi. A wata ruwayar ta Bukhari ya ce a kawar da labulen domin zanensa yana bijiro masa a salla. Tafsilin hukuncin na malamai ne, ki tambaye su. Ta fuskar ado dai, furanni da zanen layi sun ishe ki, kuma bangon alƙibla ya fi son yadi marar hayaniya.

Ina turara labulena da turaren wuta, akwai matsala?

Ƙamshin yana kama yadi ya daɗe, shi ya sa ake yi, ban kuma ce a daina ba. Amma kada a tura kasko ƙarƙashin labule a fita. Yawancin yadin labule na yanzu na roba ne, yana narkewa ya ɗiga da wuta, kuma labule a tsaye yake, wuta tana hawansa cikin daƙiƙoƙi ta kai silin. A ajiye kaskon nesa da shi kamar mita ɗaya, a rufe ɗakin hayaƙin ya zagaya, a tsaya a wurin. Haka maganin sauro na kunnawa, da kyandir, da gawayin jin ɗumi.

A kicin kada a sa dogon labule kusa da murhun gas. Gajere mai tsayawa a bakin taga, ko a haƙura. Ɗakin yara kuma a kula da igiyar ɗaure labule da duk wata igiya mai zagaye: a ɗaga ta inda hannu ba ya kaiwa, a janye gadon jariri daga jikin taga.

Na'urar sanyaya ɗaki tana saman tagar, kujera kuma tana ƙasanta.

Sandar ta zauna ƙasa da na'urar yadda labule ba zai toshe bakin iskar ba. Kujera a janye ta daga bango santimita 15 labule ya sauka a bayanta har ƙasa. Kada a gajarta shi don ai ba a gani, ana gani ta gefe.

Na rataya sabo amma ya buɗe ta ƙasa kamar laima, bai yi layi-layi ba.

Sabon yadi sai an koya masa. A goge shi tukuna da dutsen guga marar zafi sosai, ta baya. A rataya, a yaye shi gefe, a bi lanƙwasar da hannu daga sama har ƙasa ana jera ta kamar mafici, sannan a ɗaure da tsumma a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ba tamau ba. A ɗan fesa ruwa, a bar shi kwana biyu ko uku. In aka kwance zai riƙe layinsa. Masu jere su lura: wannan yana nufin labule a rataya shi kwanaki kafin ranar, ba ana kawo amarya ana kan tsani ba.

Labulen gwanjo yana yi?

Yana yi, wani ma ya fi sabon kasuwa nagarta, kuma yakan zo da shafinsa. Matsalarsa tsawo: an ɗinka shi don tagogin wasu ƙasashe, da yawa inci 84 ne ko 90, wato santimita 213 ko 229, ga shi mu sandarmu takan kai 240 ko fiye. A ɗaga shi a rana a duba ko ya ƙoɗe a layi-layi, a ja shafin a ji ko ya ruɓe, a tabbatar fallayen biyu tsawonsu ɗaya.

Na wanke labulena ya ɗage. Akwai gyara, ko sai sabo?

Auduga da lilin suna shiga ruwa su tsuke, kashi uku zuwa biyar cikin ɗari. A labule mai santimita 250 wannan ya kai 7 zuwa 12. Shi ya sa irin wannan yadin ake jiƙa shi a shanya kafin a kai wa tela. Nan gaba ki wanke da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa, ki mayar da shi sanda da sauran danshi, nauyinsa zai ja shi. A hunturu ma ba sai an yi ta wanki ba, kakkaɓewa duk mako ta isa, a bari sai ƙura ta lafa a yi wanki ɗaya.

Wanda ya riga ya ɗage, a fara da kwance kalmasar ƙasa, in tela ya bar ta da yawa za a samu santimita goma ko fiye. A goge layin tsohon ɗinkin da tsumma mai ruwa. In mai ƙugiya ne, a matsar da ƙugiyoyin sama, labulen zai sauko kaɗan. In duk bai kai ba, a sayi yadi ɗaya na wata kala mai duhu da ta dace da kujerun, a yi masa baki a ƙasa mai faɗin santimita 30 zuwa 40. Kada a yi siriri, siriri ne yake nuna ƙari ne. Mai faɗi kuwa, baƙi za su tambaye ki wane tela ne ya yi miki.